Zaren Ranar Asabar

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma aikin asibiti. Mu ma nan mun gode Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Kin san halin kunnena, shekara talatin ina zaune kusa da injin bas, ya cinye rabinsa, sai na ɗaga murya nake jin kaina. Gidan nan kuma kin san ƙanƙantarsa, in na yi maganar Yayarki a waya tana ji daga kan gado, ni kuwa ba na so ta ji ana lissafa ta kamar kayan da ya lalace. Shi ya sa na ba wani tsohon abokin aikina da ke bin hanyarku wannan takarda. In za ki amsa, shi za ki ba.

Tun da kika koma an samu ci gaba. Ƙafar dama ta fara ɗaukarta, da sanda tana zuwa banɗaki da kanta. Hannun dama dai yana nan yadda kika bar shi, kwance a kan cinya. Abin da ya fi damuna shi ne bakin. Likita ta ce hankalinta garau yake, maganar tana nan a cikinta, harshen ne ya yi nauyi, kuma maganinsa ɗaya ne, ta yi ta magana ko da ba daɗin ji. Ta ce watannin nan na farko su ne abin dubawa, in suka wuce a shiru, abin da ya tafi da wuya ya dawo. To Auta, shirun ake yi. Daga "i" sai "a'a", wani lokacin ma kai kawai take kaɗawa. Na ajiye mata biro da takarda kusa da filo ko za ta gwada da hagu, ko kallonsu ba ta yi ba. Matar da a da sai na roƙe ta ta bar ni in ji labarai a rediyo.

Cefane ya dawo hannuna. Asabar ɗin farko na tafi babbar kasuwa ni kaɗai, tunda ranar ta saba zuwa, wallahi ban san haka take fama ba duk shekarun nan. Tun daga bakin titi mutum ba ya ganin ƙasa. Masu albashi sun fito, iyalai sun fito da 'ya'yansu har da na goye, masu dako suna ihu a ba su hanya bayan sun riga sun buge ka. A babban kantin da ke ƙofar kasuwa layin biyan kuɗi ya kai har wajen firij. Na fito da sabulu da shinkafa, na manta mai, kuma na rantse ban koma ba.

Amma ni ma ai direba ne. Duk rayuwata aikina ke nan, sanin lokacin da hanya take cika da lokacin da take sakin mutum. Sai na zauna na lura. Litinin ba ta da kyau, kantoci a wawushe suke bayan hutun mako, ana ta sauke sabon kaya. Daga Alhamis an fara taruwa. Talata da hantsi kuwa, bayan ma'aikata sun shige ofis, kafin a tashi makarantu, kasuwar nan sai ka ce an share maka ita. Mai tasi yana sauke mu a bakin ƙofa, ba mai yi masa oda a baya. Likita ta ce a riƙa fita da ita, to yanzu ranar nake kai ta. Tana dafa keken zuba kaya na kanti, muna tafiya a hankali, ba mai ture ta, ba mai kallonta. Mu saya, mu biya, mu dawo kafin rana ta take.

Na zaci za ta ji daɗi, amma ban ga alama ba. Abinci ma sai na yi da gaske. Wani abu kuma da take yi, duk safiyar Asabar sai ta lallaɓa ta jawo mayafinta da hannun hagu, ta yafa shi a karkace, ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Nakan ce mata, "Yau ba daɗi waje, cunkoso ne, mu bari sai Talata." Sai ta zauna can har azahar, sannan ta koma gado.

Rigarki tana nan a kan keken ɗinki, hannu ɗaya a haɗe, ɗaya a yanke. Na lulluɓe keken da zani saboda ƙura.

Ki gaida maigidan da yara. Ki sa mu a addu'a.

Mijin Yayarki,
Direba

*

Yaya Direba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin man dizal, tun kafin in buɗe na san daga ina take. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka, yara suna gaida Babansu da Mamarsu. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Wannan na faɗe shi da zuciya ɗaya, domin na ga mazan da ke sauke matansu a ƙofar asibiti su ce za su je su dawo.

To amma yanzu ka gyara zama, ka san bakina.

Yaya, matar nan ba bas ba ce. Na karanta yadda ka auna Litinin ka auna Alhamis, na yi dariya har ma'aikaciyar da muke kwana tare ta leƙo. Da na kai ƙarshen takardar kuma dariyar ta tsaya mini a wuya. Likita ta ce ta yi magana, kai kuma ka zaga garin nan kaf ka nemo ranar da ba kowa, ka kai ta. Da wa za ta yi maganar? Da firij?

Kai ka aure ta, amma ni na riga ka saninta. Tun muna yara in Inna ta aike ta sayen allura, sai an tura ni nemanta, in same ta a tsakiyar mutane tana raba gardamar da ba a sa ta ba. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa sayen zare ƙwaya uku yake cinye mata yini guda? Na taɓa raka ta, ƙafata ba ta manta ba. Ranar Asabar ake kwance sabbin dilolin yadi, don haka duk masu ɗinki ranar suke zubowa. A layin masu zare akwai wata mata mai faɗin murya da ke sayar da zare da maɓalli, a shagonta Yaya tana da kujerarta, wata 'yar ƙaramar kujera mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. Nan take zama, a kawo mata ɗinkin da ya gagara ta duba, ta yi wa wannan faɗa, ta yi wa waccan tsiya, a sha shayi. Ba mai kiranta da sunanta a can, Mai Ɗinki kawai, kamar ita kaɗai ke da keke a duniya.

Cefanen da kake gani a hannunta in ta dawo, na kan hanya ne. Kai ka ɗauki cefanen ka riƙe gam, ka bar abin da ke kai ta.

Ka amsa mini wannan: ran Talata tana jawo mayafin da kanta, ko kai kake yafa mata?

Ka kai ta ran Asabar, Yaya. Ka riƙe ta ta ɓangaren dama, ka bar mutane su gan ta. Zancen rigata kuwa, ka ce mata ban yafe ba, kuma ban yarda wani tela ya taɓa mini ita ba. Ka faɗa mata haka da bakinka, ka ga abin da fuskarta za ta yi.

A gaida Yayata da kyau, a shafa mini kanta.

Ƙanwarku,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, saƙonki ya same ni, na karanta shi fiye da sau ɗaya. Ina fatan kowa lafiya.

Kin ce in gyara zama, na gyara. Yanzu ke ma ki saurare ni. Ke kina can nesa, ni ne nake ɗaga ta in ta zame. A Asabar ɗin da na je ni kaɗai, a gabana mai dako ya bangaji wani dattijo, ya zube a kan kwandon albasa, mutane suna tsallake shi suna wucewa. Lafiyayye ne fa, da ƙafafunsa biyu. Yayarki in ta faɗi ta ɓangaren dama ba ta da hannun tarewa. Likitan ƙashi ya ce karaya a ƙugu a irin wannan hali, wasu ba sa sake tashi. Ki gaya mini, in haka ta faru, shayin layin masu zare ne zai tashe ta?

Tambayarki kuma, ni nake yafa mata. Ban ga abin da wannan ya canja ba.

Duk da haka ban yi watsi da maganarki ba. Talatar wancan makon, da muka gama da kanti, na ce mu leƙa layin nata. Rabin shagunan a rufe suke, waɗanda ke buɗe kuma masu jiran shago ne a ciki, ba su san ta ba, ita ma ba ta san su ba. Na ji daɗin haka, don hanya a buɗe take. Muna cikin tafiya sai ga matar da kika faɗa, mai zaren, ashe ta zo karɓar kaya. Da ta hango mu ta saki abin da ke hannunta, ta yo kanmu tana salati, ta rungume ta. Tana ta jero tambaya, yaya jiki, yaushe aka sallame ku, me ya sa ba a aiko ba.

Yayarki ta buɗe baki za ta amsa. Auta, kin san yadda bakin yake yi, ya ja gefe guda, sauti yana fita ba kalma, yawu ya zubo mata a haɓa. Na ga masu jiran shago sun fara leƙowa. Raina ya ɓaci ƙwarai da kallon nan. Sai na yi maza na ciro hankici na goge mata, na ce wa matar, "Da sauƙi, ta gode, ta ce a gaida kowa. Mai tasi yana jiranmu." Na juya ta muka fito. A mota ta juya fuskarta wajen taga har muka iso.

Kin ga abin da nake gudu ke nan, kuma wannan ranar da ba kowa ce. Ina ga ranar da layin ya cika?

Asabar ɗin da ta biyo baya ba ta ɗauki mayafi ba, ba ta zauna bakin ƙofa ba. Na ce a raina to ta gane da kanta, hankalina ya ɗan kwanta. Amma da Talata ta zagayo na kawo mata takalmi, sai ta janye ƙafarta. Na lallashe ta, ta juya wa bango fuska. Ni kaɗai na je. Yanzu ko "i" da "a'a" ɗin ma sun yi wuya, abinci cokali biyu ne ta ture kwanon. Na faɗa mata saƙonki na riga, ba ta ko motsa ba.

Jiya mun koma asibiti. Likita ta sa ta ta faɗi sunayen abubuwan da ke kan tebur, ta ƙi buɗe baki. Likitar ta bi ni har baranda ta ce jikin yana gaba, bakin yana baya, kuma lokaci yana tafiya. Ta tambaye ni ko akwai abin da ya faru a gida. Na ce babu.

Ina roƙonki, in da hali ki zo ko na kwana biyu ne. Wataƙila ke ta ci daga hannunki. Ni dabarata ta ƙare, kuma ina jin tsoro.

Ki gaida mutanen gida.

Naku,
Direba

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Yau ba wasa a bakina.

Zuwa ba zai yiwu ba a watan nan. Mu biyu ne kaɗai ungozoma a asibitin nan, ɗayar kuma ita ma nata cikin ya tsufa. Na nemi izini an hana ni, na yi kuka a ɗakin canja kaya, na wanke fuska na koma aiki.

Amma na yi abin da zan iya. Ran Talata, lokacin da na san ka fita cefanenka, na kira wayar Yaya. Ta daɗe tana ringi kafin ta ɗauka. Na ce, "Yaya, ni ce. Ba na sauri, ba inda za ni. Ki gaya mini abin da ke damunki." Daga nan na yi shiru. Ka san aikina jira ne, mace tana naƙuda ba ka ce mata ta yi sauri, ba ka kuma yi mata naƙudar. Ina jin numfashinta, ina jin tana kokawa da harshen. Shayin da na zuba ya huce a gabana. Sau da yawa ta fara ta sake. Da ta fito da ita kuwa, na ji ta sarai, ba sai an maimaita mini ba.

Cewa ta yi, "Yana ɓoye ni."

Na ce, "Wa?" Ta ce, "Shi. Kunyata yake ji."

Yaya, na san ba haka ba ne, na kuma faɗa mata. Amma ka tsaya inda take ka duba. Mijinta yana fitar da ita ne kawai ranar da ba wanda zai gan ta. Ranar da ƙawayenta suke can, sai ya ce waje ba daɗi. Sau ɗaya tak da ta haɗu da wadda ta san ta, ta tattaro duk ƙarfinta za ta gaisa, sai ya toshe mata baki da hankici, ya yi magana a madadinta, ya ja ta suka gudu. In kai ne me za ka ɗauka?

Ga wata kuma, ka yi haƙuri da ni. Kunnenka ba ya jin ƙaramar murya, ita kuma yanzu ƙaramar murya kaɗai gare ta. Ina zargin ta sha fara yi maka magana a gidan nan kana tsaye a kanta da kofi, ba ka ji ba, ka amsa abin da ba ta ce ba. Ka riƙa zama ta ɓangaren kunnenka mai kyau, ka dubi bakinta, ka rufe naka.

Faɗuwar da kake tsoro gaskiya ce, ban raina ta ba. Tana iya faɗuwa ran Asabar. Amma wadda ke kwance tana kallon bango, ita ma tafiya take yi, a hankali, a gabanka, a kan gado mai laushi.

Ban faɗi wannan don in ƙona maka rai ba. Ba ni da wata Yaya sai ita, ba ta da wani sai kai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

A tashar mota na karanta takardarki, a tsaye, sai da na nemi benci. Kunya! Ni da nake alfahari in an nuna ni a ce ga mijin Mai Ɗinki. Auta, ranar da abin ya same ta ni na shigo na tarar da ita a ƙasa, tsakanin keke da bango, ƙafar keken tana kaɗawa ita kaɗai. Tun daga ranar duk inda na duba ƙasa nake gani, da inda za ta buga kai. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani abin da ita take gani ba.

Da na koma gida na jawo kujera na zauna ta ɓangaren kunnena na hagu, mai kyan, yadda kika ce. Na ce mata, "Auta ta gaya mini. Wallahi ba kunya ba ce, tsoro ne. Ran Asabar za mu je layinku, in Allah ya kai mu." Na rufe bakina na jira. Ban san jira yana da wuya haka ba, ni da na yi rabin rayuwata a kan danja. Hawaye dai ya bi ta gefen idon da ba ya rufuwa sosai, na kai hannu aljihu wajen hankici, na tuna, na bar shi.

Ran Asabar na tashi da wuri, na goge mata mayafin da ta fi so, na kira mai tasi. Ta ƙi tashi. Na roƙa, na sake roƙo, ta ja bargo ta rufe kanta. Na sallami mai tasi, na zauna a kujerar bakin ƙofa da mayafin a cinyata. A nan na san yadda kujerar nan take, ana jin kowa yana saukowa daga bene, ana jin ƙofofi suna rufuwa, gidan yana zama wayam. Can sai idona ya faɗa kan keken. Na ɗaga zanin, na ga zaren da ke kai ya kusa ƙarewa. Na ɗauki ƙyallen rigarki da ya faɗi a ƙasa, na sa a aljihu, na ce bari in sayo mata zaren, ko ganinsa zai motsa ta.

Na shiga kasuwar da rana tsaka, a ranar da na rantse ba zan ƙara ba. An taka ni, an bangaje ni, hulata ta faɗi ban ko gan ta ba. Da na kai layin masu zare ban gane shi ba, wurin da muka bi ran Talata kamar maƙabarta, ranar ba masaka tsinke. Mata sun cika shagon matar nan har waje, kowa da ƙyalle a hannu, ana ta magana lokaci guda. Da ta gan ni ta ɗaga hannu, shagon ya yi tsit.

Ta ce, "Mijin Mai Ɗinki, ina ita?"

Na ce tana gida. Ta ce, "Mun so mu zo dubiya, amma yadda ka janye ta rannan, muka ce ko ba a son mu gan ta ne." Wata daga baya ta ce, "Ni na ce ko mun yi laifi." Na tsaya a gabansu ba hula, na ce ba wanda ya yi laifi, ni ne na tsare ta, kuma yanzu na buɗe ƙofa ta ƙi fita. Na miƙa ƙyallen na ce a ba ni zare shuɗi irin wannan.

Matar ta karɓa, ta juya shi, ta dubi bangon da ke bayanta. Auta, shuɗi ya fi kala ashirin a jere, ni duk ɗaya nake ganinsu. Sai ta maido mini da ƙyallen. Ta ce, "Ba zan sayar maka ba. Shekara nawa muna tare, ban taɓa zaɓa wa Mai Ɗinki zare ba. Ita ke ɗauka da hannunta, ta fita da shi bakin ƙofa ta duba a hasken rana, ta dawo ta ce mini duk kayana na banza ne, sannan ta saya. In na ba ka wanda bai yi ba, da wane ido zan kalle ta?" Ta nuna mini kujerar, an ɗora kwalin maɓalli a kai don kada wani ya zauna. Ta ce, "Ka ce mata ta zo ta zage ni. In zagin zai kai magariba kafin ya fito, muna nan."

Haka na dawo hannu wofi. Na zauna ta ɓangaren kunnen hagu, na ba ta labari duka, har da hular. Na ajiye ƙyallen a tafin hannunta na hagu. Ta daɗe tana murza shi da yatsa. Ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba. Da yamma dai ta cinye abincinta, kuma tun ranar ƙyallen yana ƙarƙashin filonta.

Gobe Asabar. Na sake goge mayafin, na rataye shi inda hannunta zai kai. Ba zan yafa mata ba, ba zan kuma ce mata komai ba. Tsoron yana nan, Auta, ko kaɗan bai ragu ba. Ki yi mana addu'a.

Ki gaida maigidan da yara.

Mijin Yayarki,
Direba

*

Auta,

Salam. Ni ce. Da hagu nake rubutu, kada ki yi dariya. Kwana uku ina yinsa.

Mun je. An ture ni sau biyu, ban faɗi ba. An taka mini ƙafa, na ji zafi, na gode Allah da na ji.

Na zauna a kujerata. Na ɗauki zare na fita da shi rana. Na dawo zan gaya wa mai zaren kayanta na banza ne. Maganar ta ƙi fita. Yawu ya zubo. Layi ya taru a bayana har titi, masu dako suna ihu, wani yana cewa a yi sauri.

Direba ya juya musu baya, ya buɗe hannuwansa ya tare hanyar. Bai ce komai ba. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana gudun cunkoso, ranar shi ya haɗa shi.

Sai da na faɗa duka. Ta yi kuka, ta ce a ƙara.

Bakin bai dawo ba, kaɗan ne. Likita ta ce wataƙila iyakarsa ke nan, wataƙila a'a.

Na buɗe keke. Ni ke taka shi da hagu, shi ke riƙe yadin, yana karkata shi. Rigarki za ta daɗe. Ki jira, kin iya.

Ki gaida yara.

Yayarki